Askiya Muhammadu da Hubbarensa na Gawo

Askiya Muhammadu ɗan Abubakar Ture yana cikin manyan sarakunan da aka yi a ƙasar Sudan ta Yamma. Da farko jarumi ne a rundunar Sonni Ali, Sarkin Songhai. Da Sonni Ali ya rasu a 1492, sai ɗansa Sonni Baru ya gaje shi, amma a 1493 Muhammadu ya ci shi da yaƙi kusa da Gawo, ya hau gadon sarauta. Tun da ba ɗan gidan sarauta ba ne, sai ya jingina mulkinsa ga addini da malamai.

A 1496 ya tafi aikin Hajji, ya komo da laƙabin Halifan Takrur. Ya girmama malaman Tambutu, ya kuma aika wa Shehu Maghili da tambayoyi game da mulki, wato malamin nan da ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha. Amsoshin da ya samu sun yi tasiri ƙwarai, har Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja da su a littattafansa.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce. Da tsufa ya kama shi, idanunsa suka tafi, ɗansa Musa ya tuɓe shi. Daga baya aka kai shi wani tsibiri a kogin Kwara, yana nan har wani ɗansa, Isma'ila, ya mayar da shi Gawo, inda ya rasu a 1538.

Hubbarensa yana Gawo, a ƙasar Mali ta yanzu. Ginin ƙasa ne mai hawa-hawa, gindinsa da faɗi, yana tsukewa har ƙololuwa, tsawonsa mita 17. Itatuwa sun tsattsafo a jikinsa kamar na hasumiyar masallacin Agadas, su ne magina ke takawa idan jama'a sun yi gayyar yaɓe. A harabarsa akwai masallatai biyu, da maƙabarta, da filin salla. Daular ta rushe a hannun mutanen Maroko a 1591, amma ginin bai faɗi ba. A 2004 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, a 2012 kuma, saboda yaƙin arewacin Mali, cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Allah ya jiƙan Askiya, amin.