John Dunlop, likitan dabbobin da ya sa wa keke iska

Shekara shida ke nan ina taka keke daga Agege zuwa wurin aiki a Ikeja, kuma duk ranar da taya ta sace mini a hanya sai na tuna da John Boyd Dunlop. Mu nan Legas in aka ce Dunlop, silifas muke tunawa, ko tsohon kamfanin taya na titin Oba Akran. To, sunan mutum ne, kuma ba makanike ba ne.

An haife shi a 1840 a ƙauyen Dreghorn na ƙasar Sikotlan. Ya karanci likitancin dabbobi a Edinburgh, ya koma Ayalan a 1867, daga baya ya zauna a birnin Belfast yana duba dabbobi. A zamanin tayar keke daskararriyar roba ce, duk dutsen da ka taka sai ka ji shi har ƙugu.

A 1887 ya ga ɗansa ƙarami yana shan jijjiga a kan kekensa mai ƙafa uku. Sai ya haɗa bututun roba, ya hura masa iska, ya naɗe da yadi, ya liƙa a jikin ƙafar keken. Ya yi wa fasahar rajista a 1888. A watan Mayun 1889 wani ɗan tsere, Willie Hume, ya lashe gasa a Belfast da wannan taya, masu dariya suka yi tsit. A shekarar aka kafa kamfani a Dublin tare da ɗan kasuwa Harvey du Cros.

Murna ba ta daɗe ba. A 1890 aka gano wani ɗan ƙasarsu, Robert Thomson, ya riga shi rajistar taya mai iska tun 1845, rajistar Dunlop ta faɗi. Bayan ’yan shekaru ya zare hannunsa daga kamfanin. Sunansa ya zaga duniya, dukiyar kuwa wasu suka kwasa. Ya rasu a Dublin a 1921, yana da shekara 81.

Da iska ta zo, faci ma ya biyo ta. Tayarsa ta farko liƙe take da ƙafar keke, gyaranta sai an ɓata awanni, har aka samu wadda ake cirewa, irin ta ’yan’uwan Michelin ta 1891.

Abin da na ɗauka daga labarinsa shi ne iskar nan ita ce garkuwa. In ta yi ƙasa ka faɗa rami, rim zai matse tiyub ya huda shi wuri biyu. Shi ya sa kowace Lahadi nake ba tayoyina iska, in bi su da ido in cire ƙusa ko kwalbar da ta maƙale, in ta suɗe in canza. Tun da na riƙe wannan, ni da mai faci sai gaisuwa.