Rowland Bingham: Mutumin Da Ya Koma Gida Shi Kaɗai

An haifi Rowland Bingham a Ingila a 1872, ya yi ƙaura zuwa Kanada yana matashi. A Disambar 1893 ya sauka Legas tare da Walter Gowans da Thomas Kent, da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Zazzaɓin cizon sauro ya tsare shi a can, abokansa suka nausa arewa.

Gowans ya faɗa hannun mayaƙan Kontagora a zamanin Ibrahim Nagwamatse. Ko da suka sake shi jiki ya riga ya raunana, ya rasu a Girku a 1894. Kent kuwa a Bida ajalinsa ya riske shi.

Bingham ya koma Kanada zuciya a karye, har shakka ta fara cin bangaskiyarsa. Abin mamaki, mahaifiyar Gowans, wadda ya je yi wa ta'aziyya, ita ce ta ƙarfafa shi, domin ba ta ɗauki mutuwar ɗanta a matsayin asara ba.

Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya kuma maido shi. Sai a 1902 tawagar da ya tura ta kafa sansani a Patigi, tushen mishan ɗin SIM da ta haifi cocin ECWA. Ya rasu a 1942.