MKO Abiola: Attajirin da Ya Riƙe Kulob da Aljihunsa

A hutun da ya wuce na je gida Durun. Ranar wata Asabar da yamma muna zaune a gidan kallo, wasa bai fara ba, sai gardama ta kaure a kan Kano Pillars. Wannan ya ce laifin koci ne, wancan ya ce shugabannin kulob ne, wani kuma ya ce kuɗi ne ba sa isowa a kan lokaci. A ƙarshe dai kusan kowa ya tsaya a kan magana ɗaya: Allah Ya kawo wani hamshaƙin mai kuɗi ya sayi kulob ɗin, kamar yadda aka yi wa Chelsea da Manchester City, kowa ya huta. Ni ma da bakina na ce amin.

Da na koma gida na ba baffana labari, sai ya yi dariya. Shi tun zamanin da ake kewaye rediyo ɗaya a dandali yake bin ƙwallo. Ya shaida mini cewa abin da muke roƙo ai an taɓa samunsa a ƙasar nan, ya kuma umarce ni in je in nemi tarihin Abiola Babes kafin in sake ɗaga hannu. Na nema, ga abin da na samo game da mai kulob ɗin.

An haifi Moshood Kashimawo Olawale Abiola a Abeokuta ranar 24 ga Agusta, 1937. Shi ne ɗa na 23 a wurin mahaifinsa, kuma duk waɗanda suka riga shi zuwa sun rasu tun suna jarirai. Shi ya sa aka sa masa Kashimawo, wato da Yarabanci a jira a gani ko wannan zai tsaya. Gidansu ba gidan wadata ba ne. Tun yana ɗan shekara tara yake shiga daji da asuba ya yi itace ya sayar kafin ya tafi makaranta. Da ya tasa sai ya kafa 'yar ƙungiyar kiɗa, suna zuwa bukukuwa, da abin da ya samu yake biyan kuɗin makaranta. A makarantar Baptist ta maza da ke Abeokuta shi ne editan mujallar ɗalibai, mataimakinsa kuwa Olusegun Obasanjo. Don haka masu rubutu a wannan mujalla tamu kada ku raina kanku.

Ya fara aiki a matsayin magatakarda a bankin Barclays na Ibadan a 1956. Daga baya ya samu gurbin karatu a Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya, ya dawo cikakken akanta. Wannan ne ya fi ɗaukar hankalina, don ni ma akanta nake karantawa. Ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ya koma kamfanin Pfizer, sannan ya shiga kamfanin sadarwa na Amurka, ITT, inda ya kai matsayin mataimakin shugaba mai kula da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Manyan kwangilolin wayar tarho na gwamnatin soja a shekarun 1970 su ne tushen dukiyarsa, kuma ba kowa ne ya gamsu da su ba. Fela Kuti har waƙa ya yi yana caccakar kamfanin. Da wannan dukiya ya kafa gonaki, da kamfanin jiragen sama, da gidan jaridar Concord a 1980, wanda har da jaridar Hausa yake bugawa mai suna Amana. Kyautarsa kuwa ta zaga ƙasa: masallatai, makarantu, jami'o'i, Kudu da Arewa.

A fagen wasanni ma haka ya buɗe bakin aljihu, har aka yi masa laƙabi da ginshiƙin wasanni na Afirka. Kulob ɗinsa na Abeokuta, Abiola Babes, daga ƙananan rukunai ya taso, amma cikin 'yan shekaru ya zama abin tsoro. A lokacin gasar Nijeriya ba ta zama ta ƙwararru ba tukuna, sai a 1990 aka fara wannan. Yawancin 'yan wasa ma'aikatan wata ma'aikata ne ko kamfani, albashinsu bai taka kara ya karya ba. To ga mutum ya zo yana biya da gwaɓi, yana kyauta bayan kowace nasara. Wa zai ƙi? Rashidi Yekini, wanda ya fara ƙwallo a kulob ɗin masaƙar UNTL ta Kaduna, ya baro Shooting Stars na Ibadan ya koma wurinsa.

Sakamako bai yi jinkiri ba. Shekara huɗu a jere, daga 1984 zuwa 1987, Abiola Babes na zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. A 1984 da 1986 Leventis United na Ibadan ya doke su. A 1985 suka ɗauke kofin a hannun BCC Lions na Gboko, a 1987 kuma suka ɗauke shi a hannun Ranchers Bees na Kaduna. Baffana ya ce wannan na ƙarshen ya yi musu ciwo a Durun, don duk Arewa Ranchers ake goya wa baya a ranar.

Daga nan sai labari ya sha bamban. Bayan kakar 1987, Abiola ya janye hannunsa, kulob ɗin ya fice daga gasa, 'yan wasa suka watse. Yekini ya tafi Africa Sports na Abidjan. Leventis United ma, wanda kamfani ɗaya ke riƙe da shi, a daidai wannan lokaci masu shi suka rufe shi. Ku duba fa: kulob biyu da suka raba kofuna huɗu tsakaninsu, dukansu sun ɓace kusan a tare. Ba faɗuwa suka yi a fili ba, ba kuma magoya baya ne suka guje su ba. Ranchers Bees da aka doke su ne suka wakilci Nijeriya a gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988, har suka kai wasan ƙarshe, inda Bizerte ta Tunisiya ta yi nasara a kansu.

Abiola bai rabu da ƙwallo ba. Shi ya ba da kofin gasar CAF da aka fara a 1992, wadda Shooting Stars suka fara ci. Amma hankalinsa ya koma siyasa. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar SDP tare da Babagana Kingibe, ya kara da Bashir Tofa na NRC ranar 12 ga Yuni, 1993, ya kuma yi rinjaye har a nan Jihar Kano, gidan abokin takararsa. Gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen. A Yunin 1994 ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Legas, gwamnatin Janar Abacha ta kama shi. Yana tsare aka harbe matarsa Kudirat a 1996. Shi kuma ya rasu a Abuja ranar 7 ga Yuli, 1998, wata guda bayan rasuwar Abacha, bai sake shaƙar iskar 'yanci ba. Allah Ya jiƙansa. A 2018 Shugaba Buhari ya ba shi lambar GCFR, aka mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, aka kuma sa sunansa a babban filin wasa na Abuja a 2019.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. A aji ana koya mana cewa kafin ka ce kamfani na da lafiya, sai ka tambayi ta ina kuɗi ke shigo masa, kuma idan ƙofa ɗaya ta rufe, saura nawa a buɗe. Abiola ya fi mu sanin haka nesa ba kusa ba. Amma ƙwallon zamaninsa ba ta da kuɗin talabijin na kirki, ba ta da kasuwar riguna, kuɗin ƙofa kuma bai isa ya riƙe irin 'yan wasan da ya tara ba. Saboda haka kulob ɗin kyauta ce daga mutum ɗaya, kuma mai kyauta yana da ikon dainawa ranar da ya ga dama. Magoya bayan da suka cika fili ba su da ta cewa, don ba su da ko sisi a ciki. Kayan aro ai ba ya rufe katara.

Ba Abiola kaɗai ba ne. Iwuanyanwu Nationale na Owerri ya mamaye gasar ƙasa daga 1987 zuwa 1990, amma a 2006 sai da gwamnatin Imo ta karɓe shi ta sa masa suna Heartland. Mu nan Kano muna da Raccah Rovers da ya ci gasar 1978, yau saurayi nawa ne ya san sunan? Chelsea da muke misali da shi kuwa, da aka tilasta wa Abramovich sayar da shi a 2022 bai mutu ba, saboda yana da 'yan kallo masu sayen tikiti, da kuɗin talabijin, da 'yan talla. Masu saye har layi suka yi.

Kano Pillars an kafa shi a 1990, ya ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ya faɗi ƙaramin rukuni a 2022, ya dawo a 2023. Na gwamnati ne, kuma idan muka faɗa wa kanmu gaskiya, aljihun gwamnati ma aljihu ɗaya ne. Sauya shi da aljihun attajiri ba zai sauya komai ba in dai ƙofar shigar kuɗi ɗaya ce. Amma Pillars na da abin da attajiri ba zai iya saye ba, wato jama'ar da ke cika filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. A Sifen, mambobi masu biyan kuɗin shekara su ke zaɓen shugaban Barcelona da na Real Madrid. A Jamus doka ta ce rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun mambobi a kusan dukkan kulob-kulob. Waɗannan idan sun soki shugabanni ana saurarensu, don da kuɗinsu a ciki.

Mu kuma fa? Da yawanmu mun fi son a buɗe ƙofa kyauta, mu sayi rigar jabu a kasuwa, sannan mu zo gidan kallo mu kori koci da baki. Ni ne na farko a wannan laifi. Na yi wa kaina alkawari, wasan gida na gaba zan sayi tikiti da kuɗina. Kuma idan na koma Durun aka sake ɗaga maganar mai kuɗi, zan tambaye su tambayar da baffana ya bar ni da ita: ranar da ya gaji, wa zai biya albashin wata mai zuwa?