Waldemar Jungner: Injiniyan da ya ƙirƙiro batirin da ya raba masu aikin hannu da wayar lantarki

A watan Janairun 2021 ne mayaƙan Boko Haram suka tarwatsa turakun lantarki da ke kan hanyar Damaturu, lamarin da ya jefa Maiduguri cikin duhu na tsawon watanni. Har zuwa Maris na 2023, lokacin da aka ƙaddamar da tashar iskar gas mai megawat 50 a birnin, kafintoci da masu haɗa sola da dama sun rayu ne da janareto da kuma batirin da ake yi wa caji. Tarihin wannan batiri na kayan aiki ya faro ne daga wani ɗan ƙasar Suwidin da sunansa bai yi amo kamar aikinsa ba.

An haifi Ernst Waldemar Jungner a shekarar 1869 a yankin Västergötland na Suwidin. Ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Uppsala, sannan ya ƙaro ilimi a babbar cibiyar fasaha ta Stockholm. A zamanin ƙuruciyarsa batirin da duniya ta sani mai karɓar caji shi ne na dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, irin wanda ke cikin motocinmu har yau. Sai dai yana da nauyi, kuma idan aka bar shi babu caji na dogon lokaci sai ya lalace.

Jungner ya bi wata hanyar daban. Maimakon asid, ya yi amfani da ruwan sinadari mai ɗabi'a irin ta kanwa da ruwan toka, wanda ba ya cinye ƙarfen da ke cikin batiri. A 1899 ya haɗa ƙarafan nikel da kadmiyam a cikin wannan ruwa, ya kuma gwada nikel da baƙin ƙarfe. Sakamakon shi ne batiri mai jure sanyi da jijjiga da ƙarewar caji ƙarƙaf, wanda ake iya cikawa sau ɗaruruwa. A 1900 aka kafa kamfani mai ɗauke da sunansa domin sarrafa shi.

Daga nan ne ya gamu da babbar jarrabawar rayuwarsa. A Amurka, Thomas Edison ya yi rajistar nasa batirin nikel da baƙin ƙarfe a 1901, sai rikici ya ɓarke kan wanda ya mallaki ƙirƙirar. Edison attajiri ne mai lauyoyi da masana'antu, Jungner kuwa ƙarfinsa bai kai ba, don haka ɗan Amurkan ya yi rinjaye. Duk da haka aikin bai mutu ba. A 1910 aka sake kafa kamfanin, kuma masana'antarsa ta garin Oskarshamn tana ƙera batir har yanzu a ƙarƙashin kamfanin Saft. Jungner ya rasu a 1924 a Norrköping yana da shekara 55.

Bai ga cikar amfanin abin da ya shuka ba. Sai a 1947 Georg Neumann ya samar da nau'in batirin a rufe ruf, wanda ba ya zubar da ruwa ko an kifa shi. A 1961 kamfanin Black & Decker ya fito da injin huda katako maras waya na farko, kuma batirin Jungner ne ke tafiyar da shi.

Tsarin batirin ya sa gyaransa mai yiwuwa ne. Kowace ƙwaya tana ba da volt 1.2, don haka kunshi mai volt 18 ƙwayoyi 15 ne a jere. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ko biyu ne ke mutuwa su durƙusar da sauran, kuma mai gyara da ya auna su ɗaya bayan ɗaya zai iya sauya matattun. Babban maƙiyinsa zafi ne. A gari irin Maiduguri, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, barin batir a rana ko jona shi a caji da zafinsa bayan aiki yana rage masa kwana.

Akwai kuma illar da ba a ba ta muhimmanci ba a zamanin Jungner. Kadmiyam guba ne mai lahanta ƙoda da ƙashi. Tun da Sony ya kawo batirin litiyam kasuwa a 1991 aka fara juya wa nikel da kadmiyam baya, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan aiki marasa waya daga ƙarshen 2016. Tsofaffin injunan na ci gaba da shigowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, kuma idan batirinsu ya ƙare, juji ne makomarsa, inda yara ke tsince-tsince ana kuma cinna wa shara wuta. Ma'aikatun da ke sayen irin waɗannan kayan aiki da hukumomin kula da muhalli su ne ke da alhakin tanadar wurin tattara su.