Sydney Silverman: Ɗan Majalisar Da Ya Kwance Igiyar Rataya A Ingila

An haifi Sydney Silverman a birnin Liverpool na ƙasar Ingila cikin 1895. Mahaifinsa Bayahude ne, baƙo, talaka mai sayar da yadi. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko aka kira Silverman aikin soja, ya ƙi, don bai yarda da yaƙi ba, saboda haka aka ɗaure shi. Daga baya ya zama lauya, yana tsaya wa ma'aikata da 'yan haya.

Cikin 1935 mutanen Nelson da Colne suka zaɓe shi wakilinsu a ƙarƙashin Jam'iyyar Leba. A zamanin nan, wanda duk kotu ta kama da laifin kisan kai, hukuncinsa rataya ne. Silverman ya ɗaura ɗamarar ganin an daina.

A 1948 ya kawo shawara a dakatar da rataya na shekara 5. Majalisar Wakilai ta yarda da ƙuri'a 245 a kan 222, amma Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda ba zaɓen 'ya'yanta ake yi ba, ta yi watsi da ita. A 1956 ya sake kawowa, aka sake yi masa haka.

Masu goyon bayan rataya suna cewa tsoron igiya ne ke hana kisa, kuma yawancin jama'a suna tare da su. Shi kuwa hujjarsa ita ce alƙali mutum ne, yana kuskure, wanda aka rataye kuwa ba ya dawowa. Shari'ar Timothy Evans ta ƙarfafa masa gwiwa. An rataye Evans a 1950 bisa zargin kashe 'yarsa jaririya. A 1953 sai aka gano gawarwakin mata a gidan nan, maƙwabcinsa John Christie, wanda ya ba da shaida a kansa, ya amsa cewa shi ya kashe matar Evans.

Sannu ba ta hana zuwa. A 1965 majalisun biyu suka amince da dokar Silverman, aka dakatar da rataya kan kisan kai na shekara 5. Kowane wakili ya jefa ƙuri'a bisa ra'ayinsa, ba da umurnin jam'iyya ba.

Amma a mulkin dimokuraɗiyya, wakilin da ya saɓa wa ra'ayin jama'a dole ya koma gabansu. A zaɓen 1966 kawun wata yarinya da aka kashe ya tsaya takara da shi, yana neman a maido da rataya. Mutumin ya sami ƙuri'a fiye da 5,000. Silverman bai janye maganarsa ba, jama'a kuma suka sake zaɓensa.

Ya mutu cikin Fabrairun 1968. A Disambar 1969 majalisa ta mai da dokarsa ta dindindin.