Muhammadu al-Kashinawi: Masanin lissafi daga Katsina wanda sunansa ya rayu a littattafan wasu

A jami'o'in yau ana auna mai bincike da ƙidaya. Ko injiniya ne mai ƙera mutum-mutumi, ko masanin lissafi, abin da ake fara dubawa shi ne maƙalu nawa ya wallafa da kuma sau nawa wasu suka kafa hujja da su. Tun 2005, lokacin da masanin kimiyya Jorge Hirsch na Amurka ya fito da ma'aunin da ke haɗa waɗannan biyu cikin lamba guda, ƙarin girma da kuɗin bincike suka ƙara rataya a kan wannan ƙidaya. Idan aka ɗora wannan sikeli a kan masana lissafin ƙasar Hausa na da, sunan da zai fi nauyi shi ne na Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Yadda sunan ya iso wannan zamani abin lura ne, domin da zare ɗaya siriri aka jawo shi.

Ya tashi a ƙasar Katsina bayan zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, sa'ad da Katsina da Daura ke zaman masarautu biyu, kowace da sarkinta, jihadin Shehu Usmanu kuwa da sauran shekaru masu yawa. Cikin laƙubbansa akwai al-Danrankawi, wanda masana ke dangantawa da garin Ɗan Ranko. An ambaci malamansa, ciki har da Shaihu Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagirmi da Shaihu Muhammadu Bindu, wanda a wajensa ya sha ilimin haruffa da hatimai. A shekarar 1142 ta hijira, wajen 1730, ya sauke farali a Makka. Daga nan ya zarce Masar, bai sake komowa gida ba.

Cikin shekaru kaɗan bayan hajjin ya rubuta manyan littattafansa biyu. Bahjat al-Afaƙ, wanda ya kammala wajen 1732, yana magana kan ilimin haruffa da aufaƙi, wato abin da malaman zaure ke kira hatimi. Al-Durr al-Manzum kuwa kan taurari da ɗalasimai ne, ya gina shi a kan wani littafi da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. Yana da rubutu a nahawu, da waƙe a ilimin manɗiƙi mai suna Minah al-Ƙuddus, wanda shi da kansa ya yi wa sharhi.

Hatimin shi ne ya kai sunansa nesa. Wanda ya taɓa ganin allon malami ya san mai gida tara: a jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Lamba 5 ce ke zama a tsakiya, 2 da 4 da 6 da 8 su kama kusurwoyi, su ne haruffan ba da dal da wau da ha a lissafin abajada. Wannan ɗan yaro ma zai iya haddacewa. Wuyar tana farawa idan gidajen suka ƙaru. Mai gida 25 dole kowane layinsa ya ba da 65, mai gida 49 ya ba da 175, mai gida 81 ya ba da 369, kuma lalube ba ya kai mutum ko'ina. Abin da al-Kashinawi ya tattara ya bayyana shi ne ƙa'idojin cika hatimin da adadin gidajen gefensa mara ne: inda za a ajiye lamba ta farko, taku nawa za a yi zuwa ta gaba, me za a yi idan takun ya fita daga allo ko ya tarar da gida a cike. Umarni ne daki-daki wanda duk mai binsa zai kai ga amsa ko bai san dalili ba, irin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta a yau. Ba shi ya ƙago fannin ba, malaman Bagadaza da Masar sun riga shi da ƙarnuka. Nasa ƙoƙarin tsarawa ne da warware abin da magabata suka dunƙule, kuma sunan littafin ma alkawarin hakan yake yi.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, malamin Azhar da ya shahara a ilimin falaki da kayan awo. Mai masaukin ya karanci ilimin hatimi a wajen baƙonsa. A gidan ya rasu, ya bar wa Hasan wasiyyar littattafansa, aka binne shi a maƙabartar Mujawirin. Hasan ɗin ba ƙaramin mutum ba ne. Ɗansa ya ruwaito cewa har ɗalibai daga Turai sun zo ɗaukar ilimin handasa a gidan a 1159 ta hijira, ko da yake ruwaya ce ta ɗa mai alfahari da mahaifinsa.

Wannan ɗa shi ne zaren. Abdurrahman al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar, an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar Bakatsinen, don haka bai taɓa ganinsa ba. Amma ya girma cikin littattafan da ya bari da labarin da mahaifinsa ke bayarwa, sai ya ba shi gurbi a cikin Aja'ib al-Asar. Kusan duk abin da ake maimaitawa game da rayuwarsa, malamansa, hajjinsa, mutuwarsa, daga wannan gurbi ya fito, sai ɗan abin da shi marigayin ya faɗa game da kansa a littattafansa.

Daga can Bajamushe Carl Brockelmann ya shigar da shi kundinsa na adabin Larabci. A 1962 Bivar da Hiskett suka ambace shi a nazarinsu kan rubuce-rubucen Larabci na Najeriya kafin 1804. A 1967 Malam Hassan Gwarzo ya wallafa maƙala a Ibadan kan yadda ya bayyana ramzi, dabarar ɓoye shekara cikin haruffa wadda mawaƙan Hausa ke rufe waƙa da ita. Sai 1973, da malamar lissafi Claudia Zaslavsky ta New York ta sa hatimansa a littafinta Africa Counts, tana dogaro da kwafen da ke ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka a Landan. John Hunwick ya jera ayyukansa da inda kwafensu suke a 1995.

Littafin Zaslavsky ya buɗe masa ƙofar azuzuwan Amurka, ya kuma jawo wata matsala. Mafi yawan abin da ke yawo a intanet game da shi kwafe ne daga kwafe, wani ya ɗauko daga wani, kaɗan ne suka buɗe Larabcin. A wannan hanya aka tace shi ya zama masanin lissafi zalla, aka zubar da taurari da ɗalasiman da shi bai taɓa raba su da lissafin ba. A gida kuma akasin haka aka yi. Al-Durr al-Manzum, wanda aka buga a Alƙahira, ya samu masu karatu cikin malaman tsibbu, waɗanda ke neman asirin ba ƙa'idar ba, kuma babu ma'aunin da ke ƙirga irin wannan karatu. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Katsina ko Daura da ya so sanin yadda mutumin ƙasarsa ya cika hatimi mai gida 81, zai fi saurin samun bayanin a Turanci ko Faransanci, cikin nazarin da masanin tarihin lissafi Jacques Sesiano ya wallafa a Suwizalan a 1994.