Thierry Sabine

Thierry Sabine (13 ga Yuni, 1949 – 14 ga Janairu, 1986) Bafaranshe ne ɗan tseren babur da mota, wanda ya kafa gasar Paris-Dakar. A 1977 ya ɓace a hamadar Sahara yayin tseren Abidjan zuwa Nice, da ƙyar aka ceto shi. Daga nan ya shirya tasa gasar. An tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba, 1978 da motoci da babura 182, yawancin matuƙan ba ƙwararru ba ne. Sun ratsa Agadas da Yamai, 74 kaɗai suka isa Dakar. Ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, ana tsakiyar gasar. An watsa tokar gawarsa a hamadar Tenere, a Nijar.